Yadda rezo ke gane layinka da wayarka, da matakan riƙe lambarka a hannunka

A watan Nuwamba na 2014 aka ƙara 6 a gaban kowace lambar salula a Kamaru, lambobi suka tashi daga alƙaluma 8 suka koma 9. Babu wanda aka kira zuwa ofishin MTN ko na Orange don ya canza sim. Daga Ngaundere har Kuseri mutane suka ci gaba da amsa kira da katin da ke cikin wayarsu, ko murfin wayar ba su buɗe ba. Dalili shi ne lambar da kake ba mutane ba ita ce rezo ke gane ka da ita ba. Tana rubuce ne a kwamfutocin kamfani, an ɗaure ta da wata lamba dabam da ke cikin sim, an kuma rubuta sunan mutum a gefenta. Duk wanda sunansa ke wurin, shi kamfani ya sani a matsayin mai layi, ko da kai ne ka shekara goma kana zuba kuɗin kira.

Kafin mu shiga matakai, sai an rarrabe lambobin, don yawancin rikicin da ake yi a gaban teburin ma'aikatan kamfani daga cakuɗa su yake tasowa.

Lambobin da ke tare da kai

Lambar kira kowa ya san ta. Masu fasaha na ce mata MSISDN, kuma cikakkiyarta tana farawa da lambar ƙasa: 237 ga Kamaru, 235 ga Chadi, 234 ga Najeriya. Ta Kamaru alƙaluma 9 ce bayan lambar ƙasa, ta Chadi 8.

Sai doguwar lambar da aka buga a jikin sim ɗin da ƙananan rubutu, wato ICCID. Wannan lambar katin ce shi kansa, alƙaluma 19 ko 20. Tana farawa da 89, alamar cewa katin na sadarwa ne, sai lambar ƙasa ta biyo baya. Sim na Kamaru zai fara da 89237, na Chadi da 89235. Idan aka canza maka kati, wannan lambar ta tafi ke nan tare da tsohon.

Ta uku ba a ganin ta da ido, amma ita ce uwar tafiya. Sunanta IMSI, alƙaluma 15, tana ajiye a cikin ƙwaƙwalwar sim. Ukun farko na ƙasa ne, sai dai ba irin lambar ƙasa ta kira ba: Kamaru 624, Chadi 622, Najeriya 621, Nijar 614. Biyun da ke biye na kamfani ne. A Kamaru 01 na MTN ne, 02 na Orange. A Chadi 01 na Airtel ne, 03 kuma na Moov Africa, wanda a da ake kira Tigo. Sauran goman su ne naka kai kaɗai a cikin masu layin wannan kamfani. Da wannan lambar eriya ke sanin ko kai ɗan gida ne ko baƙo.

Ta huɗu ba ta da alaƙa da sim ko kaɗan. IMEI lambar wayar ce, ita ma alƙaluma 15: takwas na farko suna faɗin kamfanin da ya ƙera ta da samfurinta, shida na biye su ne lambar wannan wayar a cikin 'yan uwanta, na ƙarshe kuma na tantance lissafi ne. Kamar babur ne: akwai lambar da aka liƙa a baya, wadda ake iya cirewa a sa wata, akwai kuma wadda aka buga a jikin ƙarfe tun daga masana'anta. Wayoyi masu sim biyu, irin Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu, IMEI biyu suke da shi, ɗaya ga kowane gurbi.

Akwai kuma wani mabuɗin sirri da ake kira Ki. Ba a buga shi a ko'ina, waya ma ba ta iya karanta shi. Wuri biyu kawai yake: cikin sim, da cikin kwamfutar tantancewa ta kamfani.

Abin da ke faruwa idan ka kunna waya

Wayar za ta saurari eriyoyin da ke kusa. Kowace eriya tana ta shelar lambar ƙasarta da ta kamfaninta, sai wayar ta nemi wadda ta dace da farkon IMSI ɗinta, ta gabatar da kanta. Kamfani ba ya yarda da faɗa kawai. Sai ya aiko da wata lamba da ya zaɓa a take, sim ya haɗa ta da mabuɗin Ki ya yi lissafi, ya mayar da amsa. Can kwamfutar kamfani ita ma ta yi lissafin da nata kwafin mabuɗin. Idan amsoshin biyu sun zo daidai, sandunan rezo su fito a fuskar waya. Mabuɗin bai taɓa bi ta iska ba, amsar kawai ta bi, kuma a karo na gaba wata tambayar za a yi.

Bayan nan kamfani yakan ba wayar lambar wucin gadi, TMSI, wadda ake sauyawa lokaci zuwa lokaci, don kada ainihin IMSI ya riƙa yawo a iska kowa ya tsinta. A tsarin 2G rezo ne kaɗai ke tantance sim. Daga 3G zuwa sama sim ma yana tantance rezon, don kada eriyar bogi ta yaudare shi.

Wannan ya sa maganar da ake yawan yaɗawa a WhatsApp, cewa idan ka amsa kiran wata lamba za a kwafe sim ɗinka, ba ta da tushe. Gaskiya ne a 1998 masu bincike a Amurka sun nuna za a iya fito da mabuɗin daga tsofaffin katuna, amma sai katin yana hannunsu, kuma an daɗe da sauya wancan lissafin. Ɓarawon yau ba ya wahalar da kansa da lissafi. Ta bakinka yake shiga, ko ta teburin da ake canza sim.

Mataki na farko: ɗauki biro da takarda

Danna *#06# kamar za ka yi kira. IMEI zai fito nan take, ba a cire ko sisi, ba a ma buƙatar rezo. Rubuta duka biyun idan wayar mai sim biyu ce. A manyan wayoyi na zamani kana iya ganin wata doguwa mai alƙaluma 32 da aka rubuta EID a gabanta. Ta sim ɗin da aka gina a cikin wayar ce, wato eSIM, ita ma rubuta ta.

Kashe wayar, zare sim, ka kwafi lambar da ke jikinsa. Idan an yanke katin ya zama ƙarami har rubutun ya tafi, duba babban katin roba da aka ɓalle shi daga ciki. A iPhone tana cikin Réglages, Général, Informations. A wasu wayoyin Android tana ƙarƙashin Paramètres, À propos du téléphone.

Shi wannan babban katin, wanda yawanci ake yarwa a ƙofar shago, a jikinsa lambar PUK take, wato lambar buɗe sim idan ya kulle. Ajiye shi inda kake ajiye takardar haihuwa da takardun fili. Kada ka ɗauki hotonsa ka bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta, ai an yi ba a yi ba ke nan.

Mataki na biyu: da sunan wa aka yi rajistar layin?

Nan ne ya kamata a daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi cutuwa.

A watan Satumba na 2015 gwamnatin Kamaru ta fitar da dokar da ta wajabta tantance duk mai layi da takardar shaida, ta kuma taƙaita layuka uku ga mutum ɗaya a kowane kamfani. Hukumar ART ce ke sa ido a kan kamfanonin. A Chadi aikin na ARCEP ne. Tun daga lokacin an sha rufe layukan da ba su da cikakkiyar rajista. Sai dai abin da ya faru a unguwanni dabam ne da abin da ke takarda. Tsoho ya aiki jikansa ya sayo masa layi, yaron ya ba da nasa katin. Mace ta karɓi waya da sim a cikin kayan aure, layin da sunan miji ko ƙanin miji. Makiyayi ya shigo kasuwa ranar ci, ya sayi sim da aka riga aka kunna, bai ma san sunan da ke kai ba. Duk waɗannan suna kira suna amsawa lafiya lau, har ranar da katin ya lalace ko wayar ta ɓace. Ranar ce ma'aikaciya za ta dubi kwamfuta ta ce, "Baba, wannan layin ba naka ba ne." Kuma a ƙa'idarta gaskiya ta faɗa.

Hanya mai sauƙi ta fara bincike ita ce ajiyar kuɗi a waya. Idan ka je kiyos za ka zuba kuɗi a MoMo ko Orange Money, mai kiyos yakan karanto sunan da ya fito kafin ya tura. Saurara da kyau. Idan sunan da ya faɗa ba naka ba ne, kada ka ce "e, shi ne" don sauri, kamar yadda aka saba.

Tabbaci kuwa sai a ofishin kamfani ko wurin wakilinsu na hukuma. Tafi da sim ɗin da katin shaidarka na ƙasa, CNI, ko takardar da aka ba ka kafin katin ya fito idan wa'adinta bai ƙare ba. Ka ce a duba maka sunan da ke kan layin, da lambar katin shaidar da aka yi rajista da ita. Idan sunan wani ne wanda ka sani, ku je tare, kowa da katinsa, a mayar da layin sunanka. A yi wannan tun ana shiri da juna, tun kuma mai sunan yana raye yana gari. Layin mamaci, ko na wanda aure ya rabu da shi, ko na yaron shago da ya koma Duwala, wahalarsa ta ninka.

Ka kuma yi tambaya ta biyu, wadda mutane ba su cika yi ba: layi nawa ne ke kan sunana? Idan ka taɓa ba wani katinka "ya yi fotokofi", ko ka ara wa maƙwabci don ya sayi sim, mai yiwuwa akwai lambar da ke yawo da sunanka a hannun wanda ba ka sani ba. Idan aka yi damfara ko barazana da ita, takardar da jandarma za su samu daga kamfani sunanka za ta nuna. A yankin da jami'an tsaro ke bin sawun lambobin waya saboda satar mutane da rikicin kan iyaka, wannan ba abin wasa ba ne. Duk layin da ba ka gane ba, nemi a cire shi daga sunanka.

Idan ka sabunta katin shaida, koma a sabunta rajistar. Saƙon da kamfani ke aikowa a kan haka ofis yake kiran ka. Duk wanda ya kira ka ya ce ka faɗa masa lambar sirri don ya gyara maka rajista daga nesa, kashe wayar.

Mataki na uku: sa wa sim ɗin makulli

Makullin fuskar waya dabam, makullin sim dabam. Ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayarka. Zare katin zai yi ya sa a ƙaramar waya, saƙonninka na banki da lambar tabbatarwa ta WhatsApp su riƙa shigo masa. PIN na sim ne ke hana wannan. Shiga Paramètres, Sécurité, ka nemi wurin kulle katin SIM. Za a tambaye ka PIN na asali, wanda ke jikin babban katin. Daga nan canza shi zuwa naka, alƙaluma 4 zuwa 8, kuma kada ya zama iri ɗaya da lambar sirrin kuɗinka.

Idan aka yi kuskure sau 3, sim zai kulle ya nemi PUK, mai alƙaluma 8. A nan a tsaya. PUK ba a cankarsa: kuskure sau 10 yana kashe katin har abada, sai dai a yi sabo. Yara sun kashe layuka da yawa da dannawar gwaji. Idan babban katin ya ɓace, kamfani zai ba ka PUK bayan ya tabbatar kai ne mai layin, abin da ya sake mayar da mu mataki na biyu.

A WhatsApp ma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba mai alƙaluma 6 da kai kaɗai ka sani.

Ranar da waya ta ɓace

Fara da layi, ba da waya ba. Ari wayar wani ka kira sashen kula da masu layi na kamfaninka, ko ka je ofis, ka ce a dakatar da lambar da asusun kuɗin da ke kanta. Sannan ka je wurin 'yan sanda ko jandarma ka yi takardar shaidar ɓata, ka tabbatar an rubuta IMEI a ciki. Da wannan takarda da katin shaidarka za ka koma kamfani a yi maka sabon sim.

Abin da ma'aikaci ke yi a lokacin shi ne ya kwance lambar kiranka daga tsohon IMSI, ya ɗaura ta a kan na sabon kati. Da ya gama, tsohon sim ya zama roba. Lambarka da asusun kuɗinka suna nan, don tun asali a kamfani suke. Abin da ba ya dawowa shi ne sunayen da ka ajiye a cikin ƙwaƙwalwar tsohon katin.

Game da IMEI, kada a sa rai fiye da kima. Duk lokacin da aka sa wani sim a wayar, kamfani na iya ganin wane layi ne ya shiga wace waya, kuma a ƙarƙashin wace eriya. Amma wannan bayani hukuma ake ba wa idan ta nema ta hanyar doka, ba mai waya ba. Shafukan intanet da ke cewa ka shigar da IMEI ka biya su nuna maka inda wayarka take, kuɗinka kawai za su ci.

Idan rezo ya ɗauke kai kaɗai

Ɗaukewar rezo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ya sa wannan alamar ke wuce mutane. Duba na kusa da kai mai layin kamfani ɗaya. Idan shi yana da rezo kai babu, kashe wayar ka kunna, ka gwada sim ɗin a wata wayar. Idan har yanzu shiru, ko wayar ta rubuta cewa katin ba shi da rajista, sa wani ya kira lambarka. In ta yi ƙara a wani wuri alhali wayarka na hannunka, to an yi sabon sim da lambarka. Aikin da aka tsara don taimakon wanda ya yi ɓata, shi ne aka yi wa wani da takardun bogi. Kada ka jira gobe. Kamfani tukuna, sai bankinka idan lambar tana haɗe da asusu, sai ka sanar da 'yan uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Haka kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan karɓe lambar ya ɗaura wa sabon kati ya sayar. Mai tafiya ci-rani ko karatu na watanni ya riƙa zuba ɗan kuɗi yana yin kira jifa-jifa. Wanda kuma zai bar lamba da gangan, ya kwashe kuɗin da ke ciki, ya cire ta daga WhatsApp da Facebook da banki kafin ya jefar.

Kafin ka sayi waya ta hannu

Danna *#06# a gaban mai sayarwa, ka gwada abin da ya fito da na jikin kwali, da na bayan wayar ko ƙarƙashin batir. Idan sun saɓa, ko kwalin "ya ɓace" kuma farashin ya yi arha fiye da hankali, bar ta. Ka sa ya rubuta maka rasit da sunansa da IMEI da kwanan wata. Wayar sata idan aka bi sawunta, wurin wanda sim ɗinsa ke ciki ake zuwa, kuma wannan rasit ne kaɗai zai yi magana a madadinka.

A bakin iyaka

Mazauna Kuseri sun san wannan: kogin Logon ne kawai tsakaninsu da Njamena, kuma igiyar eriya ba ta tsayawa a gadar Ngeli. Haka abin yake a Fotokol da ke fuskantar Gamboru, da Amchide da ke manne da Banki. Idan rezon gida ya yi rauni, waya na iya kama eriyar 622 ko 621, kamfanin can ya karanta farkon IMSI ɗinka ya ga 624, ya tambayi kamfaninka na gida, a karɓe ka a matsayin baƙo. Kana zaune a ɗakinka, ana yi maka lissafin matafiyi.

Maganinsa a cikin saitin waya yake. Shiga Paramètres, Réseau mobile, ka kashe zaɓin rezo na kai-tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu. A jerin da zai fito wani lokaci ba suna za ka gani ba, lamba ce kamar 624 01 ko 624 02. Yanzu ka san ta wane ne. Ka kuma kashe Itinérance des données, don intanet ne ya fi saurin cinye kuɗi. Ranar da za ka tsallaka da gaske sai ka mayar da zaɓin kai-tsaye, in ba haka ba wayar za ta yi ta neman eriyar gida ba ta samu.

'Yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen uku sun fi samun sauƙi da sim na kowace ƙasa, kowanne da rajistarsa a can da takardar da hukumar ƙasar ta yarda da ita. Su kuma ajiye lambobin abokan hulɗa da cikakkiyar siga, da alamar + a gaba: +237 sai alƙaluma 9, +235 sai 8. Ta Najeriya kuwa a cire sifirin farko bayan +234, in ba haka ba kiran ba zai shiga ba.